Rabin eka na tumatir a tsakiyar bazara

A wajenmu, tsakanin Kura da Garun Malam, tumatir yana da lokacinsa. Ana zuba iri da kaka, a yi dashe cikin sanyi, daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan ta cika ta batse. A wannan tsakanin ne za ka ga mutum ya sha wahalar wata huɗu, ya kawo kaya, dillali ya yi masa tayin da ko kuɗin kwando da na mota bai fitar ba. Wasu su juya da abinsu, a yanka a shanya a bakin titi ya zama kauɗa. Amma Mayu na kamawa sai kasuwa ta yi tsit, tumatirin da aka taka da ƙafa wata biyu baya ya koma sai mai hali.

Na daɗe ina kallon wannan giɓi. Ni malamin firamare ne, albashi kuwa kowa ya san ranar da yake ƙarewa. Baba yana da rabin eka a gefen fadama mai rijiya a ciki, wadda ba ta dogara da ruwan madatsar Tiga ba. A farkon 2025 na same shi bayan sallar isha'i na ce ya ba ni aronta, zan yi dashe a makare don in tsinka a Mayu.

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Kai, ka manta shekarar sharon?"

Ban manta ba, babu ma wanda ya manta da wannan tsutsa mai cin tumatir. A 2016 ka bar gona kore shar, ka dawo bayan 'yan kwanaki ka tarar da ita kamar an bi ta da wuta. Jihar Kaduna sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke nan Kadawa kuma, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta tsaya don babu abin niƙawa. Baba a shekarar duk kwana uku yana goye da injin feshi. Ya sayar da tumaki biyu ya sayi magani, tsutsa ta cinye gonar, maganin ya cinye tumakin. Don haka da ya ce bazara lokacin tsutsar nan ne, gaskiya ya faɗa. Na ce, "Baba, ku bar ni in gwada. In ta ci, asarata ce." Ya ce in je, amma kada in zo masa da kuka.

Na fara da zuwa wajen malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, da ke zagaya yankinmu. Na tafi da niyyar ya rubuta mini sunan magani mai ƙarfi. Da na gama bayani sai ya ce, "Malam, kafin ka sayi kwalba ko ɗaya, fara sayen littafi da biro." Na ɗauka ba'a yake mini don ya san sana'ata. Ashe da gaske yake.

Ya zaunar da ni ya karanta mini tsutsar daga tushe. Sunanta na boko Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, ta tsallako Arewacin Afirka, ta gangaro har ta iso mu. Uwar wata 'yar faɗa-wuta ce mai launin toka, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa. Da rana tana laɓe cikin ganye, magariba take tashi. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260. Tsutsar na fitowa sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, shi ya sa ake ganin farin tabo kamar tagar leda. In zafi ya kankama, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa ba ya cika wata guda. Ya ce mai feshin kullum rufin ɗaki yake wankewa alhali ɓarawo na ƙuryar ɗakin. Abin da feshin yake samu a fili shi ne gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cin ƙwan tsutsar. 'Yan tsutsar da suka tsira kuma su ne masu taurin rai, su za su haifi na gaba, har a wayi gari maganin ya zama musu ruwan sha.

Bai ce kada in taɓa magani ba. Ya ce magani shi ne na ƙarshe a layi, kuma gona ce za ta faɗa mini ranar da za a kira shi.

Aikin farko share fili. Na tuge duk wani gautan kaji da zaƙami da ke bakin gonar, don danginsu ɗaya da tumatir, tsutsar tana fakewa a jikinsu. Na kewaye filin da layi biyu na masara tun sati uku kafin dashe, don ta tare iska da ƙura ta kuma rage shigowar farin ƙuda. A kusurwoyi na yafa riɗi kaɗan. Malam ya ce akwai wani siririn koren ƙwaro da ke son riɗi, shi kuwa abincinsa ƙwan sharon. Maƙwabta da suka ga riɗi a watan Fabrairu sai suka fara tambayar Baba ko lafiyata ƙalau.

A ƙarshen Janairu na zuba iri. Ban yi amfani da irin UTC ɗin da muka saba ba, don shi ɗan sanyi ne. Na sayi irin kamfani mai jure zafi, irin wanda ake rubuta F1 a jikin takardarsa, 'yar takarda kamar ta shayi amma kuɗinta ya sa na zauna a kan benci. Irin da ka saya da wannan tsada ba ka watsa shi kamar gero. Na tada fangali mai tudu, na haɗa ƙasa da tsohon takin da ya riga ya huce, na ƙona ciyawa a kai, sannan na ja layi da yatsa ina sa ƙwaya ɗaya-ɗaya. Na lanƙwasa tsumagu na yi baka, na lulluɓe da raga mai ƙananan ido, na danne gefenta da ƙasa. Dalilin ragar farin ƙuda ne. Shi ke ɗauko cutar nan da ke nannaɗe ganye ya yi rawaya, shuka ta tsugune ta ƙi girma, kuma in ya harbi tumatir tun yana jariri to an gama. Sati huɗu ban ɗaga ragar ba sai don ban ruwa da cire ciyawa.

Mun yi dashe da yamma, ni da ƙanena da yara biyu, ana saura kwana biyu a ɗauki azumi. Tushe kusan 4,000, a kan kunya, da tazarar da iska za ta ratsa. Duk wanda na ga ganyensa bai yi mini ba na jefar, ƙanena yana bina yana tsincewa yana cewa, "Yaya, wannan fa kuɗi ne."

Tun kafin dashe da sati na kafa tarko shida. Tarkon ba wani abin mamaki ba ne: robar wanki ce da ruwa da ɗan sabulu, sai a rataya wani ɗan roba kamar murfin biro a saman ruwan da waya. Ɗan robar nan yana fitar da ƙamshin macen, mazan su taho cikin dare su faɗa ruwa. Maza kaɗai yake kamawa, don haka ba ya ƙarar da ita. Babban amfaninsa shi ne yana ba ka labari. Malam ya ce in tarko ɗaya ya haura 30 a sati, in buɗe ido sosai. Na kuma rataya allunan rawaya masu danƙo don farin ƙuda. Ruwan tarko a zafin nan kwana biyu ya ƙafe, sai an yi ta ƙari, ɗan robar kuma duk wata ake canja shi.

Allah ya taimake ni hutun makaranta ya zo daidai da azumi. Kullum in na yi sahur na yi asuba sai in hau keke. Gari na wayewa ina gona. In fara da tarko, in ƙirga gawa in rubuta. Sannan in ratsa gonar a karkace, in tsaya a kan tushe 20, ba na bakin hanya kaɗai ba, in juya ganyen sama ina dubawa. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, sai ido ya saba. Ramin tsutsar kuwa in ka ɗaga ganyen ka saita shi da rana za ka gan ta kwance a ciki, da baƙin kashinta a gefe. Duk ganyen da na samu haka in tsinke in sa a leda, in ɗaure bakinta in ajiye a rana ta dafa su. Jefarwa a ƙasa aikin banza ne, don a ƙasa take zama ta rikiɗa.

Wannan zagaye shi ne aikin da ya fi kowanne gundura, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya riƙe gonar, shi zan zaɓa. Manomanmu ba raggwaye ba ne, amma mun saba kallon gona daga kan kunya, a tsaye, hannu a baya. Kafin ɓarnar sharon ta kai mai tsayuwa ya hango ta, jikoki ne ke ci.

Sati na farko ina samun huɗu ko biyar a tarko. Na fara feshin darbejiya a sati na biyu. 'Ya'yan darbejiya tun tuni yara suka tara mini aka shanya a inuwa. Maiɗakina ta ce kada in kuskura in kusanci turminta, ɗacin ba ya fita, sai da na nemo wani tsohon turmi mai tsaguwa a bayan gida. A ɓare, a daka ƙwayar, giram 50 ga kowace litar ruwa. Sau ɗaya na auna a sikelin mai shago, na sami gwangwanin da ya yi daidai na riƙe shi. A jiƙa ya kwana, a tace da tsumma sau biyu don kada ya toshe bakin inji, a sa sabulu kaɗan don ya kama ganye. Ba a fesawa sai rana ta yi sanyi, saboda hasken rana yana kashe ƙarfinsa, ga shi kuma magariba ce lokacin tashin uwar. Ga mai azumi wannan ita ce sa'a mafi nauyi: lita 16 a gadon baya, maƙogwaro a bushe, ɗacin darbejiya na shiga hanci. Sau da yawa a bakin rijiya na sha ruwa.

A karo na biyu na ce bari in ƙara sabulu don ya fi aiki. Washegari na tarar da gefen ganye ya ƙone a layi huɗu. Suka farfaɗo, amma ban sake yi wa ma'auni gyara ba.

Darbejiya ba ta kashewa a gaban idonka, wannan ne ya sa mutanenmu suke raina ta. Tana hana tsutsa cin abinci, ta hana ta saɓa, ta sa uwar ta ƙi zuba ƙwai a wurin. Baba ya zo ya duba washegarin feshi bai ga gawa ko ɗaya ba, ya ce shayi nake ba su. Amma a sati na huɗu malam ya zo da ɗan gilashinsa na ƙara girma, ya nuna mini abin da ban taɓa gani a gonar tumatir ɗinmu ba: saƙar gizo tsakanin tushe da tushe, ƙoƙi-ƙoƙi, jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke cin darɓa, ga kuma siririn koren nan yana yawo a kan toho. Ya ja mini kunne cewa shi ma ba waliyyi ba ne, in ya yi yawa ya rasa ƙwan da zai ci yakan koma tsotson shukar, har fure ya zube. Ma'aikaci ne dai mai ɗan hali.

Ana gab da Sallah lissafi ya rikice. Maƙwabta sun gama tsinka, sun bar gonakinsu a tsaye da busasshen ganye da ruɓaɓɓun 'ya'ya. Duk tsutsar da ta ƙoshi a can ta tashi, kuma babu wani kore a kusa sai rabin ekata. Daga 20 da wani abu a sati, na wayi gari tarkon da ke gabas ya yi baƙi ƙirin, na ƙirga 200 na gaji na zubar.

Babu littafin da ya tanadi wannan. Na je gidan mai gonar gabas, dattijo ne sa'an Baba, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Kawu, alfarma na zo nema. Ku ba ni izini in tuge muku karan nan." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in ƙarfi ne ya yi maka yawa, ga ta nan." Kwana biyu muka yi ni da ƙanena muna tugewa muna tarawa muna ƙonawa. Mai gonar arewa kuwa ya ce ya riga ya yi wa makiyaya alkawari, sai shanu sun zo sun ci. Shanun ba su zo ba sai bayan kwana goma sha. Ban ji haushinsa ba sosai, don abin da na nema ba al'adarmu ba ce, amma daga wannan gefen na fi shan wahala har ƙarshe.

Duba na asuba ya nuna sababbin ramuka a fiye da rabin tushen da na tsaya a kai, ga fure ya fara. Na kira malam, ya ce yanzu kam lokaci ya yi. Ya koya mini in daina kallon babban sunan da ke jikin kwalba, in nemi ƙaramin rubutun da ke ƙasa, don kwalba biyar masu suna daban suna iya zama abu ɗaya. Na sayi mai sinadarin emamektin, na auna yadda aka rubuta, ban ƙara ko murfi ba, na rufe hanci da hannu, na fesa da yamma. Bayan kwana uku na buɗe ramuka, yawancin tsutsar ta yi baƙi ta mutu. Na koma kan darbejiya da tsinkar ganye.

Sai aka koma makaranta, zagayena ya koma na gaggawa. Ran nan na dawo da la'asar na ji wani wari a gonar wanda ban sa ba. Na tsare ƙanena. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, Baba ne ya ce in fesa." Ashe Baba ya ga tarko cike, hankalinsa ya tashi, ya je wajen wani mai shagon magani aka haɗa masa kwalba biyu, irin masu kashe duk abin da ke motsi. Sun yi layi takwas na gefen hanya ruwan ya ƙare. Ban ce wa Baba komai ba. Me zan ce? Mutumin da ya ga 2016 da idonsa, tsoronsa ba na banza ba ne, kuma gonarsa ce.

Bayan kamar kwana goma layukan nan takwas suka fara yin fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Na juya ganye na ga jan gizo, ƙananan nan kamar garin barkono, har da 'yar saƙarsu. Zafi da ƙura suke so, abin da ke cin su kuma an kashe. Sauran gonar ma akwai su jefi-jefi, amma ba su yi ƙarfi ba. Na tuge tushen da suka fi lalacewa, na riƙa wanke ƙasan ganye da ruwa, na bi da darbejiya. Layukan sun rayu, sai dai abin da suka bayar bai kai rabin na 'yan'uwansu ba. Na kai Baba na nuna masa iyakar da ke tsakanin inda aka fesa da inda ba a fesa ba, a bayyane kamar an ja zare. Ya duba ya ce ƙurar hanya ce.

Abokin gaba na biyu ba shi da magani ko tarko. Zafin Afrilu a Kano yakan taɓa digiri 40, dare ma ba ya hucewa, tumatir kuwa in dare bai yi sanyi ba fure yake zubarwa. Furen farko da na biyu sun kama 'ya'ya, na tsakiyar Afrilu kusan duk a ƙasa na tsince su. Abin da na iya shi ne na shimfiɗa ciyawar shinkafa a gindin kowane layi don ƙasa ta riƙe laima, na tsayar da ban ruwa duk kwana uku da yamma, ba fashi. In ka bari ƙasa ta bushe sannan ka cika ta da ruwa, gindin 'ya'yan ne zai yi baƙi ya ruɓe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace tayar da inji sai ka ji ta a aljihu, kuma kuɗin fetur shi ne mafi girma a duk abin da na rubuta a littafin, ya fi iri, ya fi taki. Masarar gefe ta yi rana a nan, layukan da ke samun inuwarta da yamma sun fi riƙe fure. Ita ma tsutsar masara ta far mata, amma ban yi ta don ci ba.

Ƙarshen Afrilu tarko ya sake cika, na ga huda a kafaɗar wasu 'ya'ya, ƙarƙashin 'yar hular nan. Na yi feshi na biyu da magani daga wani dangi daban, kuloranturanilifurol, sunan da har yau ban iya faɗa a numfashi ɗaya ba. Sau biyu ke nan a duk noman, in ban da na Baba. Na ƙirga kwanakin da takardar ta ce a jira kafin tsinka, na ƙara biyu a kai. Wani dillali ya biyo ni har gona yana cewa in tsinka yau kasuwa ta yi wuta, na ce sai jibi. Ina sane da cewa da yawa ba sa jira, a fesa da yamma a tsinka da safe, kuma miyar gidajenmu ake yi da shi.

Ɗiban fari ranar 6 ga Mayu, kwando uku. Na kai Kwanar Gafan a bayan a-kori-kura, rumfuna duk a bushe, kafin a sauke mutum huɗu sun riƙe kwando. Kuɗin da aka ba ni a kan ɗaya ya kai na kwando bakwai da Baba ya sayar a Fabrairu. Muka ci gaba da ɗiba duk kwana huɗu. 'Ya'yan ba su kai na sanyi girma ba, wasu rana ta ƙona musu gefe, masu huda kuma muna ware su mu binne, ba ma zubarwa a bakin gona. Jimilla kwando 41 zuwa jajiberin Babbar Sallah. Na sa rai da 60. Da na cire iri da raga da tarko da taki da mai da ladan yara, abin da ya saura ya sayi ragon layya, ya biya bashin da na ci, ya kuma bar kuɗin irin baɗi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ganye ya fara tabo, 'ya'ya suna tsagewa. Akwai sauran ƙanana kore a jiki, amma na ce a tuge. Baba ya zo ya tarar muna tara kara a rami. Ya ce, "Kai yaro, da 'ya'ya a jiki?" Na ce, "Baba, in na bar su, abin da aka yi mini zan yi wa masu dashen damina." Ya tsaya yana kallo har muka rufe ramin, sannan ya ce shi dai har gobe yana ganin feshin nan nasa ne ya karya lagon tsutsar, in ba don shi ba da ban ga kwando goma ba. Na ce haka ne, Allah ya ƙara girma.

Filin yanzu dawa ce a ciki, ba zai sake ganin tumatir ko yalo ko dankalin turawa ba sai ya huta. Tarko biyar na wanke na ɗora a kan rumbu. Ɗaya na bari a bakin rijiya da sabon ɗan roba, ina leƙa shi duk Juma'a in na taso daga makaranta. Satin da ya wuce tara na samu.